Matsa-Kaɗan Mai Hoto

Sunansa na gaskiya sai a katin asibiti ake ganinsa. Duk wanda ya taɓa sauka matakala ɗari biyu da goma sha ɗaya da ke kai mutum gindin mafaɗar ruwan nan, da Matsa-Kaɗan ya san shi. Haka masu gadin ƙofa ke kiransa, haka masu sayar da ruwan sanyi, har matarsa in ya ɓata mata rai da wannan sunan take kiransa, kuma ya amsa.

Mai hoto ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsayawa a kan wani faffaɗan dutse da ke fuskantar inda ruwan ke zubowa, kyamara a wuya, ƙaramin tawul a kafaɗa na goge feshin ruwa daga gilashi. Masu hoto a wurin sun fi ashirin, amma akwai abin da shi kaɗai ya iya. In ya ɗauke ka, kai kaɗai za ka fito, kai da ruwa da dutse, kamar dominka aka yi wurin. Ba ya goge mutane da kwamfuta, wannan a wurinsa aikin ragwaye ne. Jira yake yi. Ya san in mutanen mota ɗaya suka gama hayaniyarsu suka juya, kafin na bayansu su ƙaraso akwai ɗan fili da bai wuce numfashi uku ba, kuma a cikin wannan filin yake cin abincinsa. 'Yan tsirarun da suka maƙale a gefe kuwa da baki yake share su: "Mai jar riga, matsa kaɗan. Baiwar Allah, matsa kaɗan. Yallaɓai, gwiwar hannunka ta shigo mini, matsa kaɗan." Ba ya faɗa, ba ya murmushi, kuma kowa matsawa yake yi.

Kyamararsa ta farko yayarsa ce ta saya masa. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara bakwai, Yaya tana sha shida, ita ta yi masa wanka, ita ta cire masa ƙaya, ita ta zane shi ranar da ya gudu daga makaranta. Da ya girma ya ce shi hoto yake so, kowa a ƙauyen ya yi masa dariya ban da ita. Ta sayar da keken ɗinkinta, ta damƙa masa abin da aka ba ta, ta ce, "Je ka, Auta. In ka ɓatar kada ka dawo mini da labari." Daga ranar ba ta sake tayar da maganar keken ba. Shi kuwa bai taɓa yin wata guda bai ba wani labarin ba, har 'ya'yansa sun haddace, in ya fara sai su ƙarasa masa.

Ƙauyen nasu tafiyar awa ɗaya da rabi ne daga mafaɗar ruwan, ta bayan tuddai. Akwai ƙaramin kogi da gadar katako a kansa, akwai lambunan lemo, da tsohon injin niƙa, da wani dattijo mai kiwon zuma da ba ya sa riga sai in zai yi tafiya. Yaya tana can a gidan da aka haife su. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai take kwana a gidan, amma da rana ƙofarta ba ta rufuwa. Wannan ta zo aron rariya, waccan ta kawo ƙarar miji, wata kuma ba ta zo don komai ba, zama kawai. Yaya tana zaune a kujerarta a bakin ƙofa tana raba musu faɗa da shawara, ko an tambaye ta ko ba a tambaya ba.

Abu biyu suka lalace wa Matsa-Kaɗan kusan lokaci guda.

Na farko wurin aikinsa ne. Mafaɗar ruwan ta yi sunan da ya fi ƙarfinta. Wani ya ɗora bidiyo a waya, wani ya gani ya zo ya ɗora nasa, sai ga motoci tun daga ƙofa har kwanar babban titi. Saukar da ake yi a minti goma ta koma awa guda, ƙafa a kan ƙafa, numfashin na baya a ƙeyar na gaba. Ƙarfen da ake dafawa ya lanƙwashe. Robobi suka riƙa yawo a gindin ruwan. Filin nan nasa na numfashi uku ya koma biyu, ya koma ɗaya, daga baya ya ɓace. Sai ya tsayar da mutum rabin awa a kan dutse yana jira, mutumin ya gaji ya zaro wayarsa ya ɗauki kansa da kansa, da kunnen wani da jakar wata duk a ciki, ya yi gaba. Ranar da wata dattijuwa ta suma a matakala ta casa'in, aka yi minti arba'in ba a iya fito da ita ba don babu inda za a bi, hukumar wurin ta ce ya isa. Aka ƙayyade yawan masu shiga a kowace awa. Matakala ta ɗan huta, amma cunkoson ya koma bakin ƙofa, inda mutanen da suka taso tun asuba daga nesa suke tsaye da yara suna jin mai gadi yana cewa a dawo gobe.

Na biyun ya fi ci masa rai. Motar haya ɗaya tak da ke shiga ƙauyensu ta daina zuwa, direban ya ce ba zai riƙa ƙona mai saboda fasinja uku da kaza ba. Yaya kuma tana da ciwon suga, duk wata sai likita ya gan ta, ga kuma yanar ido ta fara taruwa a idonta na hagu. Ɗanta ɗaya namiji, wanda ake kira Injiniya saboda yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a babban birni, shi yake tuƙo awa bakwai duk wata ya kai ta asibiti ya mayar da ita, ya sake tuƙa awa bakwai. Shekara biyu ya yi yana haka bai yi ƙorafi ba. Ran nan ya tsaya wurin kawunsa a hanyar komawa, idanunsa jajur, ya ce, "Kawu, jiya saura kaɗan in shige ƙarƙashin tirela, barci ya ɗauke ni. Na gyara wa Mama ɗaki a gidana. Da damina ta ɗauke zan zo in tafi da ita."

Ba a ga laifinsa ba, Yaya ma ba ta gani ba. Ta je ta ga ɗakin sau ɗaya. Da Matsa-Kaɗan ya tambaye ta, sai ta ce, "Ɗaki mai kyau, Auta. Ga tayil, ga fanka. Tagar ce dai bango take kallo." Ba ta ƙara ba. Shi da ya san ta, ya san in aka kai ta ɗakin nan ba za ta yi musu ba, ba za ta yi kuka ba, shiru kawai za ta yi, kuma shirun nata ne ba ya so ya gani.

Ana cikin haka wata jami'a daga ofishin yawon buɗe ido ta tara masu sana'a a bakin ƙofa. Mace ce gajera mai tabarau da takalmin da aka yi don tafiya, ba ta da dogon zance. Ta ce ba zai yiwu kowa ya riƙa zuwa wuri ɗaya ba alhali ƙauyuka na nan kewaye babu mai leƙa su. Za a zaɓi ƙauye biyar. Za a sa mota daga nan bakin ƙofa zuwa kowannensu sau uku a mako, ta kwashi baƙin da ba su samu shiga ba da waɗanda suka gaji da turereniya, kuma mutanen ƙauyen ma za su riƙa hawa. Duk ƙauyen da ke so ya kawo wasiƙa da hotuna ashirin kafin ƙarshen wata.

Matsa-Kaɗan bai ji sauran bayanin ba. Mota sau uku a mako ya ji, da hotuna ashirin. Ya ce a ransa, in dai hoto ne an zo gidansa.

Ya ɗauki hutun mako guda, abin da bai taɓa yi ba, ya hau bayan babur ɗin wani ya tafi. Malamin makarantar ƙauyen ya rubuta wasiƙar. Shi kuma ya shiga aiki kamar yadda ya saba. Ya tsaya a gaban gadar katako, mata suna wanki a ƙasa, ya ce su matsa kaɗan. Suka kwashe kayansu suka koma bayan bishiya. Ya je injin niƙa ya fitar da mai injin da masu jiran gari, ya sa aka share ƙofa. Mai zuma ya sa riga don a ɗauke shi, aka ce ya matsa, amyarsa kawai ake so. Wurin mai shayi sai da ya jira aka tashi daga benci, ya kawar da kofuna. Har ƙofar Yaya ya ɗauka, bayan ya sa ta tashi ta shiga ciki da kujerarta.

"Ni ma in matsa?" ta ce.

"Minti ɗaya, Yaya. Hasken ne zai wuce."

Ta tashi tana dafa bango. "To, mai sana'a."

Hotunan sun yi kyau, wannan babu gardama. Gada da inuwarta a cikin ruwa, lemo nunanne da raɓa a jikinsa, layin gidaje da hasken safiya ya kwanta a kansu. Ya wanke su manya, ya sa a ambulan, ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofis saura kwana uku a rufe karɓa. Yana tafe yana jin kansa.

Jami'ar ta baje su a kan tebur. Ta duba na farko, ta duba na biyu, ta bi su har na ashirin, ta dawo ta sake bi. Sannan ta cire tabarau ta dube shi.

"Baba, annoba aka yi a garin?"

"Wace irin annoba?"

"Ina mutanen?"

Ya yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai san aiki ba. Ya ce ai mutane ake gudu. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a, bai taɓa ganin wanda ya ce a sa masa wani a hotonsa ba.

Ta ce, "Turereniya suke gudu, Baba, ba mutane ba. Wanda ya zauna a mota awa ɗaya da rabi yana so in ya sauka ya yi sallama a amsa masa. Yana so ya ga inda zai zauna, da wanda zai ba shi ruwa. Kwamitin da zai zaɓa kuma abin da zai fara tambaya shi ne, wa zai karɓi baƙin? In na kai musu waɗannan za su ce kowa ya tashi daga garin, ba za su sa mota zuwa kufai ba." Ta tattara hotunan. "Babu waɗanda suka lalace, waɗanda wani ya shigo ciki?"

"Na goge su," ya ce. Ko da yaushe nan take yake gogewa, tun kafin ya sauke kyamara daga ido.

Ta mayar masa da ambulan ɗin, ta riƙe wasiƙar. "Ƙauye arba'in da uku suka kawo. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu nake rufewa. Ba zan iya ƙara maka ko awa ɗaya ba, amma har huɗun ina nan."

Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A bayan babur, duk tsawon hanya, keken ɗinkin Yaya yake gani.

Ya isa ƙauyen, ya nufi gada, mata suna wanki kamar kullum. Yana ɗaga kyamara suka kwashe kaya suka ruga bayan bishiya, ba tare da ya ce uffan ba. Ya je injin niƙa, mai injin ya hango shi ya kashe inji, ya kori masu jira, ya ɗauko tsintsiya. A wurin mai shayi benci ya watse kafin ya ƙarasa. Mako guda ya yi yana koya musu, kuma sun koya da kyau, don suna son motar nan kamar yadda yake so. Wata tsohuwa har akuyarta ta ja gefe tana ba shi haƙuri.

Washegari ya bi gida gida yana cewa yanzu mutane ake so. Suka ce to. Kowa ya shiga ɗaki ya fito da kayan da ke ƙasan akwati. Suka jeru a kan gada, hannuwa a gefe, haɓa a sama, babu mai ƙifta ido, kamar masu neman fasfo. Mai zuma ya ɗaure maɓallin riga har wuya yana gumi. Matsa-Kaɗan ya ce su saki jiki, suka ƙara ƙamewa. Ya ce su yi dariya, suka nuna masa haƙora. Ya duba abin da ya ɗauka, ya ga gara ma na kufan.

Da la'asar ya zauna a dakalin ƙofar Yaya, ya ajiye kyamara a gefe. Saura kwana ɗaya na ɗauka, na biyun na kaiwa ne. Yaya tana tsince wake a faranti, tana kawo shi kusa da idonta mai gani.

"Yaya, na ɓata," ya ce. "Da hannuna na ɓata."

Ba ta lallashe shi ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "A can wurin ruwanku, in mutane suka ƙi fita, me kake yi?"

"Jira nake yi."

"To nan ma wa ya hana ka? Kai ka kore su, sai ka zauna ka jira su dawo. Kuma ga kujerata nan ƙafarta na rawa tun bara, kullum sai ka ce in ka dawo."

Da safe ya kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban gidan, inda ido ke kama gada da hanyar injin niƙa da bencin mai shayi da ƙofar Yaya gaba ɗaya. Ya haɗa mata doguwar igiyar dannawa. Ya faɗa wa kowa cewa ga ta nan, za ta wuni a nan, wanda ba ya so ya fito ya faɗa masa. Babu wanda ya ce ba ya so, amma kowa ya riƙa zagayawa ta bayan gidaje. Shi kuwa ya kifa kujerar Yaya, ya ɗauko guduma da ƙusoshi, ya sa madannin a ƙarƙashin cinyarsa, ya shiga gyara.

Awa ɗaya babu wanda ya gifta. Awa biyu, kare kaɗai. Amma wanki ba ya jira, gari ba ya niƙa kansa, kuma zagaye ta bayan gidaje da buhu a ka ba abin da mutum zai yi ta yi ba ne. Kafin rana ta take, wata ta gaji ta bi ta gada. Wata ta bi ta. Mai injin ya leƙo ya ga mai hoto yana fama da ƙusa, ya tayar da injinsa. Mai zuma ya cire rigar ya rataye a reshe, ya zo yana gaya masa ba haka ake kafa ƙafar kujera ba.

Abin da ya ba Matsa-Kaɗan mamaki shi ne aikin bai canza ba. Idon nan da ya saba gane lokacin da mutum na ƙarshe zai fita, shi ne ya gane lokacin da mutum zai shigo daidai. Numfashi ukun nan dai ne. Matar mai injin ta tsaya a tsakiyar gada tana gyara ɗaurin goyo, ya danna. Tsofaffi biyu suna gardama a benci, ɗaya ya ɗaga kofi yana nuna ɗayan da shi, ya danna. Mai lambu ya sauke kwandon lemo, guda uku suka gangara, mutum huɗu suka sunkuya a tare. Ya yi shekaru yana zuwa garin nan duk ƙarshen wata, sai ranar ya lura mai shayi da hagu yake zubawa, kuma matar malamin makaranta ba ta wuce ƙofar Yaya ba tare da ta taɓa ƙyauren ba.

Wajen la'asar Yaya ta fito da kofin shayi a hannu, ɗankwali ya zame gefe guda. Ta ratsa ta gaban kyamarar kai tsaye, ta ɗaga ɗaya hannun tana cewa, "Auta, tun safe kujera ɗaya? Ko sabuwa kake sassaƙawa?" Bayanta mata uku da ke zaune a dakali suka kwashe da dariya. Bakinsa ya buɗe zai faɗi abin da ya saba faɗa, amma hannunsa ya riga shi.

Ranar Alhamis ƙarfe uku da rabi ya shiga ofis da ƙurar hanya a gira. Jami'ar ta baje hotunan. Wannan karon ba ta cire tabarau ba. Ta daɗe a kan na Yaya.

"Wace ce wannan?"

"Yayata ce. Faɗa take yi mini."

"Na gani," ta ce, ta sa shi a sama.

Mako uku aka yi ana jira. A ciki Injiniya ya bugo waya ya ce ya yi magana da mai motar ɗaukar kaya. Yaya ta fara raba tukwanenta, ta ba wannan, ta ba waccan, tana cewa ajiya ce. Matsa-Kaɗan ya koma kan dutsensa, amma duk safiya sai ya fara tsayawa a allon sanarwa na bakin ƙofa. Ranar da aka liƙa takardar, mai gadi ne ya tare shi tun daga nesa yana nuna masa yatsu huɗu. Ƙauyensu ne na huɗu a cikin biyar. Ya karanta sunan sau uku, ya zauna a kan bulon da ke gefen allon, ya rufe fuska da tawul ɗin goge gilashi. Masu sayar da ruwa suka yi kamar ba su gani ba.

Injiniya bai yarda da takarda ba, sai da ya zo ya hau motar da kansa, zuwa da dawowa, yana duba agogo. Ya ga tana tsayawa a ƙofar asibiti. Ya ce, "Kawu, ranar da motar nan ta daina zuwa zan zo in ɗauke ta, kada ka ce ban faɗa ba." Kawun ya ce ya ji. Sannan Injiniya ya bi gida gida da kansa ya karɓo wa uwarsa tukwanenta.

Baƙin ba su da yawa, ashirin da wani abu a kowace mota, kuma haka aka so. Ba dukansu ne mutanen kirki ba. An samu wanda ya tsinki lemo bai tambaya ba, an samu mai jefar da roba a kogi, Yaya ta sa ya tuɓe takalmi ya shiga ya ɗauko. Amma mai shayi ya ƙara benci biyu, mai zuma ya koyi zuba zuma a ƙananan kwalabe, ya kuma haƙura da zama da riga Talata da Juma'a da Asabar. A can mafaɗar ruwa layin bakin ƙofa ya ragu, don wanda aka ce masa sai gobe yanzu yana da inda zai nufa yau. Wata safiya Matsa-Kaɗan yana kan dutsensa sai ya ga filin nan ya buɗe, numfashi uku cif, ya gode wa Allah ya danna. Jami'ar kuwa duk lokacin da ta zo duba motoci sai ya kai mata kwalbar zuma, ita kuma kullum sai ta ce ba a ba ma'aikaci kyauta, ta sa a kai wa masu gadi.

Ranar da Yaya ta fara hawa motar zuwa asibiti, Matsa-Kaɗan ya jira ta a bakin ƙofar mafaɗar ruwan, inda motar ke sauya fasinja kafin ta ƙarasa asibiti. Ta sauko tana dafa ƙarfe, ta ɗaga kai, ta tsaya. A jikin allon da ke nuna motar ƙauyensu an manna hotonta, ya fi ta tsawo, kofi a hannu, baki a buɗe, ɗankwali a karkace.

Ta rufe idon hagu ta duba da na dama. "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Shekara talatin da ɗaya kana ɗaukar mutanen da ba ka san sunansu ba. Ni ka rasa ranar da za ka ɗauke ni sai ranar da nake masifa?"

Ya buɗe baki zai ce ai akwai wasu, sai ya tsaya yana nema a ransa. Ya bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. Akwai hoton gidan, akwai na bishiyar, akwai na ƙofa da hasken safiya. A kowannensu ya tuna inda ya ce ta tsaya don kada ta shigo. Matar da ta sayar da kekenta ta saya masa kyamara, hotonta ɗaya ke gare shi a duniya, shi ma ita ta shigo da kanta.

"Babu wani, Yaya," ya ce. "Ki yafe mini."

"Kai dai ka cika shirme. Zo ranar Asabar, ka zo da abin naka."

Ranar Asabar ya hau motar tare da baƙi. Ya tarar ta yi wanka ta sa kayanta masu kyau, ta ɗaura ɗankwali daidai, ta zauna a kujerar da ya gyara. Ya kafa kyamara, ya duba haske, ya goge gilashi sau biyu. Da ya sa ido sai ya ga bayanta a cike. Matar malamin makaranta tana jingine da ƙyaure, mata biyu a dakali suna tsince wake, mai zuma ya leƙo da kwalba a hannu, ga wata baƙuwa da ta sauka daga motar ta samu wuri ta zauna ana koya mata tsintar. Ya ɗaga hannu.

"Ku ɗan mats..."

"Bar su," in ji Yaya, ba ta ko waiwaya ba. "In ka fitar da su, wa zai san a gida nake?"

Ya sauke hannun. Ya jira har matar malamin ta gama dariyarta, sannan ya danna.